Zuwa Kano Sau Biyu Don Mota Ɗaya

Litinin: daga Kahu zuwa Rano

Mun bar gida ana kiran assalatu. Agogona ya ce biyar saura kwata, amma tun da mai gyaransa ya rasu ra'ayinsa yake faɗa, ba lokaci ba. Mu uku ne: ni, da taubashina Alhaji Sale, da babban ɗansa Habu, wanda ya yi tuƙin haya har furfura ta fito masa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙaryar da ake yaɗawa a majalisa wai jaki ne ya jawo mu. Ba jaki ba ne. In mun iso wurin za ku ji.

Ga dalilin tafiyar. Alhaji ya yi tumatir bana a fadama, ya nuna jawur, abin sha'awa. To unguwarmu da fadamar duk suna ƙetaren rafi, kuma da rani rafin nan yashi ne zalla, masu motocin haya sun yi rantsuwa ba za su ƙara sa taya a ciki ba. Sai Alhaji ya kaɗa shanunsa kaf, har da bijiman huɗa, ya sayar, ya ce a-kori-kura zai saya ya riƙa fitar da kayansa da kansa. In tumatir bai fita a makon ba, to ba shanu ba tumatir, sai Alhaji da hularsa.

Ni an tafi da ni a matsayin masani, domin na yi elemantare har aji uku, kuma na taɓa zama gaban babbar mota tun daga Kano har Jos.

Babura biyu suka kai mu Kibiya. A tasha muka sha koko da ƙosai, ƙosan irin na zamani, wanda in ka yi tari sai ya tashi sama. Muka shiga ƙaramar mota ta mutum biyar, mu tara. Kuɗin mota ba zan rubuta ba, kafin ku karanta ya canza.

Tun daga nan aka fara musu. Habu ya ce inji mai fulogi shida za a saya, mai shan fetur, wanda in ka taka totur bishiyoyi za su riƙa gudu baya. Alhaji ya ce shi inji bai dame shi ba, shi dai giya ta zama otomatik, wadda take canza kanta.

Na ce, "Alhaji, me ya haɗa ka da otomatik?"

Ya ce, "Zamani."

Na ce, "Zamanin ne ya kama maka gwiwar hagu har kake sallah a kujera?"

Ya ce, "Direba, akwai wurin da ake sauke tsofaffin banza a hanyar nan?"

Direba ya ce, "Akwai, Alhaji, amma bibbiyu ake karɓa."

Kano, filin sayar da motoci

Muka canza mota a Rano, muka bi ta Bunkure, hantsi ya same mu a Kano. Mai filin, Alhaji Bala, asalinsa mutumin Lausu ne, nan ƙasar Rano kusa da mu, don haka sai da aka gaisa har kan kakanni kafin a dubi ƙarfe. Motocin duk sababbi ne, wato sababbi a wurinmu. Turawa sun riga sun more ƙuruciyarsu, mu aka aiko wa mu yi jinya.

Biyu ya nuna mana. Ta farko fara ce tas, fetur, fulogi shida, otomatik, da sanyi a ciki kamar randar ƙasa. Tayoyin baya kaɗai ke ja. Ta biyu launin toka, mummuna, dizal take sha, giyar hannu, in an tayar da ita sai ka waiga ka ga ko wa ya kawo niƙa. Ita tayoyinta huɗu duka suna ja.

Alhaji Bala ya ce, "Hanyarku yaya take?"

Alhaji Sale ya ce, "Lafiya ƙalau."

Ku ji fa. Mutumin da ya sayar da garke saboda hanya, shi ne aka tambaya ya ce lafiya ƙalau, kamar gaisuwa aka yi masa.

Ni ma na yi binciken da ya kamaci masani. Na zagaya kowacce, na shuri tayoyi, na ƙwanƙwasa gefe na kasa kunne, yadda ake yi wa kankana. Na leƙa injin farar na gyaɗa kai. Habu ya ce, "Baffa, me ka gani?" Na ce, "Yana nan."

Aka ce a ɗana. Habu ya ja farar, ba komai a bayanta sai iska, ya zaga da mu kan kwalta mai santsi. Sannan Alhaji Sale ya karɓa a cikin fili, ya ajiye ƙafar hagu gefe kamar baƙuwa, ya yi gaba ya yi baya yana murmushi. Rabona da ganin haƙoransa tun ranar da ya dawo daga Makka. Da na ga haka na san shawara ta ƙare. Alhaji Bala ya ce, "Ku je da ita. In ba ta yi ba ku dawo ku canza, ai gida ɗaya ne." Muka ci shinkafa da wake a bakin titi, muka kama hanya bayan azahar.

Komowa, da abin da muka kwaso

Kun san al'adarmu. Sabuwar mota ba ta wuce ɗan gari a bakin hanya. In ka wuce shi, har jikokinka za a riƙa cewa gidan masu girman kai. Kuma labari ya riga mu ta waya, ban san wanda ya yi wannan aika-aika ba, ko da yake ni na kira mutum biyu ko uku.

A Bunkure muka ɗauki wani maƙwabcinmu da buhunan takin zamani. A shingen masu kaki aka duba takardu, aka yi mana barka, shugabansu ya ce tun da Kibiya muka nufa ga surukinsa nan da siminti. Wa zai ce a'a? A Rano kuwa sai ka ce mu ne gwamnati. Mai gado da katifa, mai rago, mai langa-langa, wata gwaggo da turmi, da wani da bai san inda za mu ba, ya dai ga ana hawa. Kowa ya hau sai ya dafa ya ce, "Allah ya sa alheri, ya tsare." Addu'a ta yi yawa, nauyi ma haka. Bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga kamar mai neman gafara.

A kwalta dai ta yi gudu, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma allurar mai na kallo tana sauka kamar guga a rijiya. Na ce, "Habu, fulogi shida ɗin nan kowanne da bakinsa ne?" Ya ce, "Baffa, ƙarfi ai da ci." Na ce, "Haka ubanka yake cewa."

Rafi

La'asar sakaliya muka iso rafi. Habu ya ce kowa ya riƙe, ya taka. Muka shiga da ƙarfinmu har tsakiya, sai mota ta tsaya ta shiga haƙar rijiya da tayoyin baya. Na gaba kuwa suna tsaye suna kallo, ba ruwansu, kamar 'yan gayya da aka hana fura. Habu ya ƙara wuta, ta ƙara nutsewa. Ya kashe don ta huce. Da ya murɗa makulli sai ta ce ƙyat, ta yi shiru. Batirin da ya ƙetaro teku ya zaɓi rafinmu ya cika.

Nan hankalin kowa ya kwanta, domin wannan ciwo ne da muka san maganinsa. Duk ƙasar Rano da Kibiya babu wanda bai san motar da ta ƙi makulli tana jin turi ba. A tura, direba ya saki kuloci, ta tashi. Aka sauke kaya, aka tona, aka sa langa-langa ƙarƙashin taya, aka tura ta baya har kan tudu. Sannan maza suka tattare riguna, aka yi kabbara, aka gangaro da ita a guje. Gwaggo mai turmi tana ihu, "Saki! Saki!" Na hango Habu yana ta lalube da ƙafar hagu.

Ya leƙo ya ce, "Baffa, ba ta da kuloci!"

Na ce, "To me muke turawa?"

Kafin ya ba ni amsa ta koma cikin yashi, ta wuce inda take da fari. Ashe ita otomatik ba ta tashi da turi. Habu ya ce dama ya sani, mantawa ya yi. Fasinjoji suka ɗauki abin da za su iya, suka ƙarasa gida a ƙafa, kowa da labari a bakinsa.

Ana haka sai ga Jauro Bello, Bafulatanin da rugarsa ke gefen rafi, da bijimai biyu da igiya. Ya tsaya ya jingina da sanda ya ce, "Sannu Alhaji. Wannan ce ta gaji shanun?" Alhaji ya dubi bijiman ya kau da kai. Nasa ne, waɗanda ya sayar. Su kuwa ko gaisuwa, suka sa wuya suka fizge fulogi shida daga yashi kamar ana cire ƙaya. To kun ji. Shanu ne, ba jaki ba. A gyara.

Jauro ya ce a ja ta har gida. Alhaji ya ce ko gawarsa ba za ta shiga gari a haka ba. Saboda haka aka mai da ita ɓangaren titi, muka sauka a ruga. Masauki: tabarma da sararin Allah. Abinci: fura da nono mai kauri, wanda cokali ke tsayawa a ciki. Kuɗi: Jauro ya ce dariyar da ya yi ta biya.

Bayan magariba na fara zolayar Alhaji, sai na ga bai rama ba. Taubashin da bai rama ba kuwa, ba lafiya ba. Can ya ce, "Tun ina saurayi nake hawa bayan motar mutane a kan buhu, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni. So na yi in shiga garinmu da hannuna a sitiyari, ko sau ɗaya." Na tura masa ƙwaryarsa. Na ce masa furarsa za ta tsinke.

Talata: Kano kuma

Da sassafe Habu ya taka zuwa fadama ya dawo da tumatir ɗaya, ya miƙa wa ubansa. Alhaji ya danna da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya daɗe yana kallo. Ya goge hannu a yashi ya ce, "Mu koma a ɗauko mummunar."

Wani mai tifa da ya zo ɗibar yashi ya ara mana batir ta tashi. Wannan karon ba mu kashe ta ba har Kano, ko a shinge. Alhaji Bala na ganinmu ya ce, "A'a, mutanen hanya lafiya ƙalau!" Alhaji Sale ya ce, "Hanyar ce lafiya, motarka ce 'yar birni."

Aka canza. Alhaji Bala ya nuna wa Habu wani ɗan guntun sanda kusa da giya, ya ce in an shiga yashi a ja shi baya. Gudu zai tafi, ƙarfi ya zo. Habu ya ɓata rai, ya ce wannan ko keke sai ya wuce ta. Na ce, "Jiya mun yi gudu, ina muka kwana?"

Ta kama hanya tana ƙara tana girgiza, haƙorana uku da suka rage suna gaisawa da juna. Sanyi babu, sai wanda taga ta bayar. Amma allurar mai ta tsaya cak kamar an yi mata asiri. A Rano aka sake cika mu, har fiye da jiya, domin yanzu akwai waɗanda ba su da inda za su, kallo ya kawo su.

Gida

Bakin rafi cike da jama'a, Jauro ma ya zo da bijimansa da igiya, don taimako wai. Habu ya tsaya, ya ja guntun sanda, ya sa giya ta ɗaya. Mummunar ta sunkuyar da kai ta shiga yashi a hankali, tana gurnani, tayoyi huɗu kowace da aikinta. Ta bi ta kan simintin surukin mai kaki da muka bari jiya, wato ta gefensa, kada a ce na yi ƙarya. Ta haye. Jauro ya naɗe igiyarsa.

Da muka hau tudu Habu ya lura ko bai taka komai ba tana tafiya da kanta, taku ɗaya ɗaya. Ya dubi ubansa ya ce, "Alhaji, matso." Ya buɗe ƙofa ya sauka tana tafe, Alhaji ya ja gwiwarsa ya zame kan kujerar direba, ya kama sitiyari da hannu biyu. Habu na tafiya a gefe kamar mai rakiyar ango.

Haka muka shiga gari. Wata tsohuwa da itace a ka ta cim mana, ta gaishe mu, ta tambayi gajiya da iyali da mutanen Kano, ta wuce ta bar mu. Kaza ta tsallaka gabanmu ta dawo ta sake tsallakawa. Alhaji bai ga ko ɗaya ba. Ya miƙe wuya, hula a goshi, yana ɗaga wa mutane yatsa ɗaya irin na manyan direbobi. A ƙofar gidansa ya ce, "Habu, yaya ake tsayawa?" Habu ya ce, "Taka na tsakiya." Ya taka, ta yi tsalle ta mutu, goshina ya gaisa da gilashi. Ya juyo ya ce, "Sauka, ɗan kamasho, an iso."

Washegari tun da duku-duku Habu ya fara jigilar kwanduna. Kaɗan ya lalace, akasari ya kai kasuwa da mutuncinsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya sake kai mu ya sake dawo da mu. Ina gode wa Alhaji Bala, da Jauro da iyalinsa, da mai tifa, da duk wanda ya sa kafaɗa ya tura abin da ba ya turuwa, Allah ya ba shi ladan niyya. Shi kuwa Alhaji Sale, yanzu a majalisa yana koya wa matasa tuƙi da baki. Duk mai son darasi ya je, amma ya taho da abincin rana.