Shamuwoyin Kawu Labbo

Abin da na fara gani ranar da aka kai ni hutu gidan Kawu Labbo a Aliero shi ne faifai. Kowa ya zo ratsa tsakar gida sai ya kifa faifai a kansa. Kunya ta hana ni tambaya, har sai da abu mai ɗumi ya sauka a kan sabon ɗankwalina. Na ɗaga kai: tsamiya cike da sheƙar shamuwa.

"An yi miki maraba, ɗiyata," in ji Kawu.

Kun san shi. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaron namun daji a Kamaru da Kenya, ya dawo lokacin da aka ba mu jiha. In baƙi suka roƙe shi labarin zaki, sai ya taɓe baki.

"Zaki? Raggo ne, matansa ka ciyar da shi. Ku tambaye ni kwaɗo."

Cikin shamuwoyin akwai mai zobe a ƙafa, irin wanda masu binciken tsuntsaye suke sakawa. Ita yake kira abokiyar aiki, kullum da safe har gaishe ta yake yi.

"Ta hi ni yawon ƙasashe, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ta fasfo."

Ran da kashinsu ya faɗa a tukunyar miya, matarsa Inna Kulu ta sa aka kirawo mai gatari. Kawu ya jawo gadonsa zuwa gindin tsamiyar ya kwanta.

"Ku hwara da ni, ni ma tsohon icce ne."

"Tashi, Malam, ka ga yadda suka mai da kai?" in ji Inna.

Ya dubi rigarsa, ta yi dabbare-dabbare. "Awo. Nan gidan su kaɗai ka ba ni kyauta."

Da rani ya rasu, shamuwa ba sa gari. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanya shi a inuwar da ta fi wadda ya bar wa tsuntsaye.

Bayan addu'ar arba'in na ji maza suna shawarar sare tsamiyar, a yi rudun ajiyar albasa a wurin, in Inna ta yarda. Na same ta a ɗaki tana jujjuya faifan Kawu a hannu. Ban taɓa roƙon ta komai ba sai ran nan.

"Inna, don Allah a bar iccen nan. Shamuwa ba su dawo sun yi miki gaisuwa ba tukuna."