Gayyar da Muka Yi wa Mama Rahila

Kafin masu shaguna su buɗe a Gyadi-Gyadi, Mama Rahila ta riga ta wuce. Doguwa ce, 'yar Kafanchan, da takalmin ruwa da tsohon buhu a kafaɗa. Takan gaida duk wanda ta tarar, ta miƙe zuwa tsohon gandun renon itatuwa da ke wajen Tarauni, inda take aikin lebura tun wasunmu suna goye. Dashe da ban ruwa ne aikinta. Sai dai a bayan gandun akwai 'yar fadama da babu wanda ya ɗora mata, ita ta ɗora wa kanta.

Wanda bai taɓa shiga wurin da damina ba zai ce ƙarya nake. Daga bakin hanya ciyawa ce, gamba da kyasuwa har ƙugu, karkashi da tafasa da duman kada suna fure a tsakaninsu, malam-buɗe-littafi ko'ina. Kana gangarawa ƙasa ta fara tsotsar takalminka, ka shiga inuwar giyayya da malmo, kwaɗi su cika maka kunne har ka daina jin hon ɗin 'yan adaidaita. A tsakiyar Kano fa nake magana.

Kullum sai ta cika buhunta da ledojin da iska ta kwaso daga gidajenmu. Jummai mai abinci, wadda rumfarta ke kallon ƙofar gandun, ta shaida ranar da wata tifa ta zo juye ɓaraguzai a fadamar. Ta ce Mama Rahila ba ta ɗaga murya ba, zama ta yi a kan buhunta daidai inda za a juye, har direban ya gaji ya juya. Malaman firamare kuma sun sha kai mata ɗalibai, ta zaga da su, ta hana su tsinkar komai.

Mama, ke ce mai gadin da ba a ɗauka ba. Ke kika riƙe mana wurin nan shekara da shekaru, mu kuwa muna wucewa muna cewa a ranmu, matar nan kirki gare ta, amma ta bar wuri ya zama jeji.

To ga abin da ya sa nake rubutun nan kaina a sunkuye. A daminar bana, ritayarta ta matso, sai ta zame ta karye a ƙafa, aka kwantar da ita. Lawan mai walda, shugaban ƙungiyar unguwarmu, mutum mai zuciyar taimako, ya tara mu ya ce, "Baiwar Allahn nan ta yi mana hidima. Mu yi mata gayya ranar tsaftar muhalli, ta dawo ta tarar da wurinta fes." Wallahi babu wanda ya yi musu. A wurinmu ciyawa a tsaye ƙazanta ce, gidan sauro da maciji. Muka fito da adduna da lauje, Musulmi da Kirista, mata suka kawo kunu. Kafin azahar mun kwantar da komai, muka tara tsibi-tsibi, har da hotuna muka ɗauka muna dariya.

Ranar da ta dawo tana dogara sanda, muka raka ta don mu ga farin cikinta. Ta tsaya a bakin fadamar tana duban tsibin ciyawar. Sannan ta juyo ta ce, "Sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri."

Da zaginmu ta yi, da ya fi sauƙi.

Ta tambayi Lawan, "Kun ƙone ciyawar?"

Ya ce, "A'a Mama, ruwa ne ya hana. Gobe in sha Allahu."

Ta ce, "Don Allah ɗana, a bar min."

A nan ne Jummai ta faɗi abin da duk mun gani da idonmu ba mu taɓa lura ba: Mama Rahila tana yankan ciyawar nan duk shekara, amma sai bayan kaka, in fure ya bushe iri ya zube ƙasa. Mu mun sare shi yana ɗanye, bai kai ga zuba ba. Asibitin da take kwance ba nisa, kullum muna kai mata abinci, amma ko mutum ɗaya bai tambaye ta ba.

Makonnin da suka rage mata a wurin aiki, a kan buhun nan ta yi su, tana warware tsibin da hannu, tana baza shi ko akwai irin da ya nuna. Ba ta kai ƙarar kowa ba. Lawan ya rufe shago ya riƙa taya ta, ba ya iya haɗa ido da ita.

A wata mai kamawa za ta koma gida Kafanchan, ba za ta ga damina mai zuwa a nan ba. Ko furannin za su dawo, ita ma ta ce ba ta sani ba, sai abin da ƙasa ta ɓoye daga shekarun baya.

Mama Rahila, mun gode, kuma ki yafe mana. Mun ɗauka gyara muke yi miki. Ku kuma mutanen Tarauni da Gyadi-Gyadi, har da masu irin wannan wuri a unguwarsu, ku yi koyi da ita: ku je da buhu ku tsince leda, ku bar lauje a gida sai kaka ta wuce, kuma kafin ku taimaki mutum ku tambaye shi.

Jiya ta ba Lawan takalmin ruwanta. Ta ce, "In ruwa ya sauka, duk abin da ya tsiro kada ku taɓa. Ka kira ni ka gaya min launinsa."

Ya ce, "In bai tsiro ba fa, Mama?"

Ta ce, "Ka kira ni duk da haka."