Takardar da Baba bai sa wa hannu ba

Makarantarmu ta sakandare a Jimeta tana da madubin duba ƙananan halittu guda ɗaya tak, kuma a akwatin katako yake kwana, a ofishin malamin kimiyya, da kwaɗo a jikinsa. Malamin mutumin wajen Numan ne, dogo mai ƙaramar murya, wanda bai iya duka ba, saboda haka muka raina shi. Ranar da ya fito da madubin muna aji biyar. Ya sa aka ɗebo ruwa a kududdufin bayan aji, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, muka yi layi. Kowa ya leƙa ya ce ya gani, har waɗanda suka rufe idon da ya kamata su buɗe. Da aka zo kaina sai na ga wani abu mai kamar silifa yana iyo, ya yi karo da ɗan'uwansa, ya ja da baya, ya sake hanya. Na tsaya a wurin har na bayana suka fara dukan ƙeyata.

Daga ranar na zama abin tausayi. A Jambutu nake zaune wurin Goggo, ƙanwar mahaifina, domin gidanmu yana Namtari kuma ya yi wa makaranta nisa. Na bi bayan wani kemis na tsinto ƙananan kwalaben allura, na wanke su, na fara tara ruwa: na rijiyar gidan, na jarkar mai ruwa, na kwata, na kogin Binuwai da nake takawa har bakin gada in ɗebo. Kowace kwalba na liƙa mata takarda da sunan wurin, na jera su a ƙarƙashin gado. Na huda gindin wani tsohon tulu na cika shi da yashi da gawayi ina tace ruwa. Goggo ta ce ta riƙi yara da yawa, masu fitsarin kwance da masu satar nama a tukunya, amma ba ta taɓa riƙon mai kiwon ruwan kwata ba. Duk da haka ba ta taɓa zubar mini da kwalba ko ɗaya ba, sai dai ta share gefensu tana mita.

Malam ya lura da ni. Yakan bar mini mabuɗin akwatin bayan an tashi, in duba ruwana, in zana abin da na gani a bayan littafin lissafi. Ana saura kwana kaɗan a ba da dogon hutu, ranar wata Litinin, ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda. Ya ce akwai wata Dakta a jami'a da ke binciken ruwan rijiyoyin Yola da Jimeta, za ta ɗauki ɗalibai shida daga makarantun gari su yi mako shida tare da ita a ɗakin gwaje-gwajenta, kowa da madubinsa, kowa da farar riga. Sunana ya bayar. Sharaɗi ɗaya ne. Da yake za a taɓa sinadarai kuma za a shiga kwalekwale, dole uba ko mai riƙo ya zo da kansa ranar Juma'a ya sa hannu a gabanta. Na fito daga ofis cike da murna, har na wuce kwanar gidanmu ban sani ba.

A nan ne sai na yi bayanin gidanmu, don wanda bai tashi cikin irinsa ba zai ɗauka ba a ƙaunata. Ni ne ɗan fari, kuma mu Fulani ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana son ruwa sai ya ce wa ƙanena ya gaya wa wancan ya kawo. Idan baƙo ya tambaye shi wane ne wannan saurayin, sai ya ce yaron gidan yayansa ne, ya shiga wata magana. Dada, mahaifiyata, ita ma haka. Tun ranar sunana aka ba da ni ga Bappa, yayan Baba. Shi ya yanka ragon, shi ya kai ni firamare, kuma babban yatsansa ne a kan duk wata takarda ta makaranta da ta shafe ni. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Na san Dada tana ɓoye mini man shanu a ƙasan tuwo, na kuma san wanda yake gyara mini kacar keke kafin in tashi barci.

Matsalar ita ce damina ta yi nisa, Bappa ya hau da shanu can tudu, ƙetaren wani kogi, kuma a lokacin ba wanda yake da waya a aljihu. Na roƙi Goggo ta je ta tsaya mini. Ta ce yayyenta biyu suna raye, ita a wa za ta je ta ce ita ce mai ɗa. Saboda haka ranar Talata na shiga motar Namtari da takarda a cikin littafi don kada ta yamutse.

Na sami Baba bayan la'asar a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, ya dawo daga gonar masara, yana kankare laka daga fartanya da ɗan tsinke. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye takardar a kan tabarma, na yi masa bayani tun daga ɗigon ruwan farko har zuwa farar riga. Ina magana yana kallon fartanya. Da na gama sai ya ce, da Fulatanci, kamar da bishiyar yake magana, wannan maganar ta Bappa ce.

Na ce Bappa yana ƙetare, kuma Juma'a saura kwana uku. Na ce ba wani abu zai yi ba, zuwa kawai zai yi ya ce shi ne uba, ya dangwala yatsa, mu dawo. Yanzu da na girma na san abin da na nema a wurinsa: ya tsallake yayansa, ya tsaya a gaban baƙuwar mace da malamai ya nuna ɗan farinsa ya ce nasa ne. A lokacin kuwa ban ga komai ba sai mutumin da ya fi son kunyarsa a kaina. Ya sake cewa maganar ta Bappa ce. Ni kuma mai zuciya ne tun ina yaro, har yau ban warke ba. Na miƙe tsaye a kansa, abin da ban taɓa yi ba, na yi masa magana da Hausa, harshen da muke faɗa da shi a makaranta.

"Idan ni ba ɗanka ba ne, ka gaya mini ɗan wane ne, in je in neme shi."

Bai ɗago ba. Hannunsa dai ya daina kankare fartanyar. Na bar takardar a kan tabarma na shige gida, Dada tana bakin murhu ta juya mini baya kamar ba ta ji ba, ko da yake katangar zana ce tsakaninmu.

Da gari ya waye ba Baba, ba kekensa, ba takarda. Na tambayi Dada, ta ce ya fita. Na ce a raina gudu ya yi don kada mu haɗa ido, takardar kuma wataƙila yara sun yi jirgi da ita. Ban karya ba na tsaya bakin titi na koma Jimeta.

Ranar Juma'a na tafi jami'ar ni kaɗai, da kayan makaranta da Goggo ta goge mini. Sauran biyar kowa da nasa uban ko mai riƙo. Akwai wata yarinya da ubanta, ɗan kasuwa mutumin Borno, ya riƙo mata jaka yana gaya wa kowa ita ce ta ɗaya a ajinsu. Na tsani mutumin nan ba tare da ya yi mini komai ba. Dakta gajeriya ce mai furfura a gaban goshi, kuma ta saurare ni da kyau. Ta ce ta san al'adar, ta yi karatu da Fulani. Ta ce za ta jira har a sauko daga masallaci, amma bayan haka dole ta miƙa sunaye, kuma akwai yaro na bakwai da ke jira tare da uwarsa. Na zauna a kan benci a baranda. Ta taga ina hango madubai a jere a kan dogon tebur, an lulluɓe kowanne da leda. Na ƙirga su ya fi sau ashirin. Duk keken da ya shigo ƙofa sai na miƙe. Da aka sauko masallaci Malam ya zo ya dafa kafaɗata, ya raka ni har bakin titi.

Ranar Litinin da hantsi Bappa ya yi sallama a gidan Goggo, laka har gwiwa, sanda a kafaɗa, ya ciro takardata daga cikin hula, an naɗe ta a leda an ɗaure da zare. Ya ce ga shi ya zo, ina wurin dangwalawa. Na ce an riga an gama. Ya dage sai da muka je. Dakta ta karɓe shi da mutunci, ta ba shi kujera, ta ce a bari sai baɗi. Baɗin kuwa na gama makaranta, kuma ban sake jin an yi shirin ba. Ban tambayi Bappa yadda takardar ta kai hannunsa ba. Na ɗauka Baba ya ba wa masu tallar nono ne su kai, don ya wanke kansa. Da muka dawo gida na kwashe kwalabena duka na juye a kwata, Goggo tana tsaye tana kallo, a ranar ba ta yi mita ba.

Ba zan ce rayuwata ta lalace ba, ƙarya ce. Na yi kwalejin horon malamai, yau ni ma kimiyya nake koyarwa, kuma mabuɗin akwati yana aljihuna. Abin da ya lalace tsakanina da Baba ne. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa Namtari da salla, in durƙusa, in gaishe shi, in tashi. Da can nakan zauna gefensa muna gyaran igiya ba mai cewa uffan, kuma wannan zaman shi ne hirarmu. Na daina. Na lura yakan matsa ya bar mini gefen tabarma, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Ina sane nake yi, so nake ya ji zafi.

Baba ya rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya. Ranar uku, da masu gaisuwa suka ragu, na zauna da Bappa a ƙarƙashin dalbejiyar nan. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya mutu. Yana ta ba da labaran ƙuruciyarsu, sai ya ce ai marigayi bai iya ruwa ba ko kaɗan, shi ya sa har yau yake mamakin ranar da ya ƙetaro masa da takardata.

Na ce wace rana.

Ya dube ni da idon mai gani, ya ce ashe da gaske ban sani ba. Ya ce Baba ya hana shi faɗa, amma wanda ya hana ya tafi. Ya ce ranar Laraba Baba ya isa bakin kogi a kan keke, ya tarar ruwa ya cika ya tumbatsa, mai kwalekwale ya ce ba zai ƙetare ba. Ya kwana biyu a rumfar masunta da takarda a cikin hula. Ranar Juma'a da safe ruwan bai sauka ba, ya je ya riƙe bakin kwalekwalen ya ƙi saki. Da suka ƙetare kuma ya tarar an matsa da shanu gaba, sai da ya yi yini guda a ƙasa yana tambaya. Bappa ya ce da suka dawo tare, mai kwalekwalen ne ya ba shi labari yana dariya, wai bai taɓa ganin Bafulatani mai taurin kai irin wannan ba. Wai ya tambaye shi, mutuwa aka yi ne da zai sa su halaka a ruwa.

"To me ya ce masa?" na tambaya.

Bappa ya sauya zuwa Hausa, irin ta Baba, wadda ba ta bambanta mace da namiji.

"Ya ce, takarda na ɗana ne. Ɗana na fari. Yana karatu na ruwa."

Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na tashi na zaga bayan rumbu, inda ba mai ganina, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi.

Bayan sadakar arba'in na ari babur na tafi kogin. Ina so in ga mai kwalekwalen da Baba ya gaya wa wannan magana, ko zai tuna yadda muryar ta fita. Na tarar an yi gada a wurin, babura suna wucewa a guje, rumfar masunta babu ko alamarta. Na tambayi mai sayar da rake, na tambayi wasu mata masu wanki a ƙasan gada. Wata tsohuwa ta ce ta tuna da mai kwalekwale, amma tun da aka yi gada ya tattara iyalinsa ya bi ruwa, ba ta san inda ya sauka ba.