Ƙwayar da Ta Ƙwace Mini Yaya

Shekara shida yayana yana ɗaure da mari a gidanmu na Mandawari, ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai ni, ƙanwarsa. Gab da samun 'yancin kai, kawunmu ya karɓo masa wata ƙwaya a asibiti. Daga baya na ji cewa hanyar wani sinadarin ƙwaƙwalwa take tarewa, sai muryoyin da yake ji su lafa.

Aka cire marin. Kowa sai sa wa ƙwaya albarka yake yi, ita da ba ta taɓa wanke masa miki ba! Ranar da ya karɓi fura a hannun maƙwabciyarmu, na shige ɗaki na yi ta kuka. Har yau 'yan gidanmu suna ɗauka kukan murna ne.