Tumatirin Baffa Yuguda

Shekara shida ke nan Baffa Yuguda yana gadin wani kango a unguwar Hammadu Kafi. Mai gidan yana Kaduna, sai da salla yake kira. Da can makiyayi ne a wajen Dukku. Da shanun suka ƙare, matarsa Jumma ta rasu, 'ya'yan kuma suka watsu Kudu, sai ya shigo gari. Yakan wuni bai yi magana da kowa ba, in ba gaisuwar masallaci ba.

Bana ya matse wani ruɓaɓɓen tumatir, ya shanya 'ya'yan, ya yafa a tsohon kwano. Don tsoron awaki ya ɓoye kwanon a ɗakin da babu rana. Tsirran suka fito, amma suka yi dogon wuya suna bin taga, sirara, ko tsayuwa ba sa iyawa. Ya dasa biyar a sama-sama, kafin la'asar duk sun kwanta.

Yana tsugune a kansu wata mai tallan ganye ta leƙo neman ruwan sha. Mama Rifkatu sunanta, daga unguwar Herwagana. Ta sha, ta dubi kwanon, ta tambaye shi wa ya koya masa dashe. Ya ce shi sanin shanu ya yi.

Ta aje tirenta, ta tona rami da yatsu, ta ɗauki tsiro ɗaya ta tsinke masa ganyen ƙasa.

“Baffa, binne shi har wuya. Kan kawai za ka bari. Tumatir duk jikinsa saiwa yake fitarwa.”

Ta ce ya riƙa jiran yamma, ya kuma yi musu inuwa kwana uku. Suka dasa goma sha huɗu tare, tana ba shi labarin gonar mahaifinta a Kaltungo. Rabonsa da doguwar hira irin wannan har ya manta.

Goma sha ɗaya suka kama. Da suka nuna, ya cika ƙwarya ya tafi Herwagana neman ta. Sau biyu yana zuwa. A zuwa na biyu wani tela ya ce ta koma gida wurin 'yarta tun kafin Kirsimeti.

Ya dawo da ƙwaryar yadda ya tafi da ita. Ya ba liman rabi, sauran ya yayyanka ya shanya a kan bulo don su yi kauɗa, ya zauna gefe yana korar kaji.