Bokiti Biyu na Merv Tolhurst

Shekara talatin da huɗu, duk watan Satumba, kafin mai burodi ya buɗe shago Merv Tolhurst ya riga ya sauka gindin madatsar ruwan garinmu da bokiti biyu. Kifin bas yakan gangara bakin teku lokacin sanyi ya zuba ƙwai, in ya juyo gida sai ya tarar da katangar siminti. Merv ne ke kwaso su da koma, ya hau matakala arba'in da ɗaya, ya juye su a sama. Ba wanda ya sa shi. Ran da ya fasa, kogin namu ya zama fanko.

Akwai wani kifin bakin teku mai kama da bas kamar an tsaga kara, yakan biyo ayari, alhali saman madatsa ba wurin zamansa ba ne. Mu sai mu yi ta juya kifi muna musu. Merv babban yatsa kawai yake ɗorawa a goshin kifin.

"Goshi mai lotsawa baƙo ne, miƙaƙƙe namu ne," in ji shi. "Ke Noeleen, shekara nawa kina sayar da ƙugiya, har yau ba ki gane mai ciyar da ke ba?"

Shekarar gobarar daji, ruwa ya wanko toka, kogin ya yi baƙi ƙirin. Da idona na gan shi yana tsamo matattun kifi da shebur. Da Satumba ya zagayo, kifi tara kacal ya samu. Ya hau da su.

Bana idon Merv ya tafi, gwiwa ta ƙi, likita ya hana shi matakala. Na yi shela a ƙungiyar masu fatsa, mutum sittin, gwanayen nuna hoton kifi a waya. Ni kaɗai na zo, kuma abin ya ƙona min rai.

Yana zaune a kujera bakin ruwa na kai masa bokitin kifin da na kwaso. Ya laluba su ɗaya bayan ɗaya.

"Baƙo. Baƙo. Wannan ma."

Na ƙarshen ya daɗe a hannunsa.

"Wannan namu ne. Hau da shi, kar ki tsaya hutawa."

Merv, kai ne hanyar da aka manta ba a bar wa kifin nan ba. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara. Ku kuma masu hoto, bokiti na biyu yana rataye a ƙofar shagona. Shekarata sittin da takwas, kuma a matakala ta ashirin na zauna.