Ciyawar da Ta Fito a Ramin Masu Tifa

Har yau ban sani ba, wa ya kawo irin ciyawar farko cikin ramin nan? Iska ce ko tsuntsu? Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta min, amma na tambayi masu karatun ma, kowa da abin da yake cewa.

Shekarun baya, lokacin da ginin Abuja ya taso, masu tifa suka sauka a gonarmu ta hanyar Gitata. Maigidana ya yarda su ɗebi jar ƙasa kaɗan. Suka yi ta kwasa har suka tarar da dutse, suka tafi suka bar mana rami, ko akuya ba ta tsayawa a ciki. Baƙin cikin nan ya kwantar da shi, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Ina faɗa yanzu ma hawaye na zuba.

Da na fita takaba, ƙaninsa ya zo.

"Yaya, a sayar wa masu bulo kawai. Me za ki noma a kan dutse?"

Na ce, "Bar ni da dutsena."

Daminar farko, gansakuka ce kaɗai a inda ruwa ya kwanta. Bayanta tofa ta leƙo, tsilli-tsilli. Da rani maƙwabta suka cinna wa gonakinsu wuta kamar yadda aka saba, ni kuwa na share gefen ramin, na tsaya da ɗanyen reshe ina dukan wuta. Har bakin zanina ya ƙone.

Wani maƙwabci ya ce, "Iya, yau kuma ciyawa ake gadi?"

Na ce, "Ita fa. Matsa min."

Na roƙi wani Bafulatani ya riƙa kwana da shanunsa a wurin. Daga kashinsu kalgo ya tsiro, sabara ta biyo baya. Ganye ya zuba ya ruɓe, ƙasa ta soma baƙi. Shekarar da na tona na ga tana, na zauna na yi kuka, sannan na shuka gyaɗa.

Ranar cira, ƙanin nan ya zo ya damƙi ƙasar ya sunsuna. Sannan ya ce, "Yaya, ki ajiye min iri."

Ramin na nan, ba a sayar ba. Wanda ya fi cancanta ya gani ne bai gani ba. Ranar da maigidana zai rasu ya riƙe hannuna ya ce, "Uwargida, kada ki bari a sa wa ramin nan wuta. Duk abin da ya fito ki bar shi, shi zai kira ɗan'uwansa."